Walƙiyar Ɗakin Yayana

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba, domin duk waɗanda ke cikin labarin nan suna raye, wasu ma tsakar gida ɗaya muke kwana muke tashi.

Abin ya fara ne daga fatar idona. Ina zaune kan tabarma a ɗakin Yayana da rana, abin danna gem, wasan nan na talabijin, yana hannuna, sai na ji fatar idona tana rawa ita kaɗai, kafaɗuna suka zabura kamar an watsa mini ruwan randa, abin dannawar ya suɓuce ya faɗi. Gabana ya faɗi tare da shi. Na saurari jikina, sannan na ce wa kaina gajiya ce, na ɗauka na ci gaba. A lokacin ni budurwa ce da ta gama sakandare a Rogo, ban taɓa kwanciya asibiti ba. Aikina shara da wanke-wanke, taya Umma suyar ƙuli-ƙuli, sai Islamiyya da yamma. Akwai wanda muke son juna, iyayenmu sun san da maganar, ana jiran kaka ta wuce a sa rana.

Yayana gyaran waya yake yi a kasuwa. Shi ya sayo na'urar gem ta hannu daga Kano, ya haɗa ta da talabijin da batirin sola a ɗakinsa da ke kusa da zaure. Abokansa ƙwallo suke bugawa a kai da yamma. Baba ba ya ƙaunar abin ko kaɗan, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ranar da ya ga 'ya mace a ɗakin nan, ranar zai farfasa akwatin, mai akwatin kuma ya nemi wani uban. Amma ni da Yaya mun shaƙu tun muna yara. Idan Baba ya tafi gona, Umma ta ɗan kwanta, sai in ɗauki mukulli inda Yaya yake ajiye mini a bayan randa, in shiga, in rataya bargo a taga don hoton ya fito sosai, kuma don kada a hango ni.

Ni ba ƙwallo nake yi ba. Akwai wani wasa na wani jarumi mai rufe fuska, wanda yake zuƙar wutar lantarki daga turaku yana jifan miyagu da walƙiya daga tafin hannunsa. Amma ba faɗan ne ya kama ni ba, birnin ne. Birni ne a bakin teku, mai dogayen benaye da gadoji da jiragen ƙasa, kuma duk inda ido ya hango ƙafa za ta iya zuwa. Ba mai cewa bi nan, ba mai cewa dawo. Ni da ko gidan ƙawata a bayan layi zan je sai an tambaye ni wa zan gani da yaushe zan dawo, sai ga ni ina hawa bene mafi tsawo in tsaya a kansa ina kallon ruwa. Yaya yakan tsokane ni, ya ce mutane suna ceton gari ni ina zagaye kamar mai duba-gari, ya ce ni ce jarumar farko da za a kama da laifin yawon banza. Har suna ya sa mini, Hajiya mai birni. Nakan ce masa ya bar ni, shi ai kullum yana waje.

Ba a daɗe ba bayan rawar idon nan, wasan ya kai ni wani faɗa a cikin tashar wutar lantarki. Allon ya riƙa walƙiya, fari, ja, fari, ja, ɗakin kuma duhu. Abin da na tuna na ƙarshe shi ne fuskar jarumin a rufe, da hasken da ke fita daga hannunsa. Da na farfaɗo, a tsakar gida na gan ni, harshena ya tsage, zanina a jiƙe, mata sun cika gidan suna salati. Daga baya na san abin da ya faru. Yaya ya dawo cin abinci ya tarar da ni a ƙasa ina mimmiƙewa, kumfa a bakina. Tsoro ya kama shi, na halin da nake ciki da kuma na Baba. Ya kashe komai, ya ɗauke ni ya kai bakin rijiyar da ke bayan gida, sannan ya ƙwala ihu. Ɗankwalina ya faɗi a ɗakinsa. Don haka abin da kowa ya gani shi ne budurwa a bakin rijiya da tsakar rana, kai babu ɗankwali. A garinmu wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Kafin la'asar kowa ya yanke cewa mutanen ɓoye ne suka taɓa ni.

Washegari Yaya ya same ni ni kaɗai, idonsa ja. Ya haɗa ni da Allah kada in ambaci ɗakinsa. Ya ce na san Baba, idan ya ji to shi ya shiga uku, kuma wataƙila abin ba zai sake dawowa ba tunda ya naɗe na'urar ya tura ƙarƙashin gado. Na yi masa alkawari. Ban san nauyin abin da na ɗauka ba.

Aka fara addu'o'i da rubutun sha da hayaƙi. Aka ware mini kofi da kwano, domin an ce duk wanda yawun mai faɗuwa ya taɓa shi ma zai kamu. Umma ta ɗaura wa kofin jan zare a hannu don kada a yi kuskure, tana ɗaurawa tana share hawaye da gefen mayafi. Aka ce in huta da zuwa Islamiyya. Ƙanwar mahaifiyar saurayina ta zo dubiya, ta zauna a bakin ƙofa, aka kawo mata ruwa ta ce ta gode azumi take yi, alhali na ji warin goro a bakinta.

Sai Kawu, ƙanen Umma, ya kawo labarin wani mai magani a wani ƙauye can gaba da garin Turawa. Muka tashi da safe a kan babur ɗinsa, ni a tsakiya, Umma a baya. Akwai wani wuri a hanyar da bishiyoyin dalbejiya suka yi layi a gefen titi. Rana ba ta yi sama ba, tana ta bayansu, Kawu kuma yana gudu. Haske, inuwa, haske, inuwa, a kan fuskata. Na ji fatar idona ta fara wannan rawar, na buɗe baki in ce Kawu ya tsaya, ban san ko muryata ta fito ba. Mu uku muka zube a gefen titi. Salansa ta ƙone mini ƙauri, Umma ta karye a wuyan hannu. Kawu ya dawo gida yana rantsuwa cewa abin da ke jikina ya san inda za a kai shi, shi ya sa ya kayar da mu. Bayan Umma ta ɗan samu sauƙi aka sake gwadawa, wannan karon aka ɗaure ni da zani a jikin Kawu. A daidai bishiyoyin nan, abin ya sake zuwa. Daga nan ko masu cewa a bi a hankali suka yi shiru. Ta yaya ciwo zai san hanya? Ni kaina na yarda.

Ranar da muka isa, Baba yana biye da mu a wani babur, gari ya tashi da hadari, babu rana. Muka wuce bishiyoyin lafiya ƙalau, Kawu yana cewa addu'a ta fara karya shi. Gidan mai maganin babba ne. Yayin da su Baba suke gaisawa da shi, aka ce in jira a ciki, sai na leƙa wani dogon ɗaki a baya. Mata ne a zaune a ƙasa, da mari a ƙafafunsu. Wata da ba ta fi ni shekaru ba ta ɗago ta dube ni, ta gaishe ni da ladabi, ta tambaye ni daga wane gari, na ce Rogo. Sai ta tambaye ni ko an fara cirar gyaɗa, domin an ce mata idan an cire za a zo a ɗauke ta. Na ce ba a fara ba. Ta gyaɗa kai, ta ce to ai da saura. Wata tsohuwa a gefenta ta yi dariya ta ce bara ma haka ta tambaya.

Mai maganin ya tambaye ni abin da nake gani kafin in faɗi. Na ce haske nake gani, kuma ranar farko na ga wani mutum mai rufe fuska. Ban yi ƙarya ba, amma rabin gaskiya na faɗa. Ya dubi Baba ya ce to ga shi nan, aljani ne ya aure ni, mai taurin kai, kuma ba zai fita ba sai an bar ni a wurinsa an ɗaure, komai daɗewa. Baba ya sunkuyar da kai. Ya ce a yi masa haƙuri har a gama cirar gyaɗa, ya kawo ni da hatsin da zan ci.

Ban san yadda zan kwatanta muku zaman da na yi bayan nan ba. Daga bayan gidanmu ana hango gonar gyaɗa. Kowa yana murna ganye ya fara ja, ni ina kallonsa kamar ana haƙa mini rami. Na daina barci sosai, kuma rashin barcin ya sa da safe hannuna yakan zabura in zubar da koko, sai a ce ga shi nan yana motsi. Na sha tunanin in faɗi gaskiya, sai in ce to me zai canza? A raina na riga na yarda aljani ne, bambancin kawai ni na san ba daga rijiya ya fito ba, daga akwatin Yaya ya fito. Idan na faɗa, Baba zai tsine wa Yaya, kuma duk da haka a kai ni. Yaya ya rame, ya daina haɗa ido da ni. Wata rana ya kawo mini tsire a takarda, ya kira ni Hajiya mai birni da ƙaramar murya. Na tambaye shi ko ya ga ɗakin matan nan. Ya ce yana neman dabara. Na ce ya yi sauri, gyaɗa ba ta jiran dabararsa. Ya ajiye tsiren ya fita.

Gwaggo ce ta zo daga Karaye ana gab da fara cira. Yayar Baba ce, mace mai faɗa, ba ta yi boko ba. Ta ga kaina ya cukurkuɗe domin mai kitso ta daina zuwa, ta yi tsaki, ta ce ko aljanin ne ai ba zai so matarsa da wannan kan ba. Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta fara tsifa. Tun da abin ya fara ba wanda ya taɓa ni haka. Kuka ya ƙwace mini, na faɗa mata komai: mukulli, bargo, birni, walƙiya, da yadda aka kai ni bakin rijiya. Ba ta tsaya da tsifar ba har na gama. Sannan ta ce ita ba ta san ko iska ce ko ba iska ba ce, amma ta san an gina magani a kan ƙarya, kuma ba za a ɗaure 'yar ƙanenta a kan ƙarya tana raye ba.

Ta tara Baba da Yaya a tsakar gida. Yaya bai musa ba, ya durƙusa. Baba bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya shiga ɗakin ya fito da talabijin da na'urar, ya karɓi taɓarya ya farfasa su a gabanmu. Ya ce wa Yaya kada magariba ta same shi a gidan. Sannan ya ce yanzu ma magana ta ƙara fitowa, ga mai rufe fuskar nan an gano gidansa, don haka ba sai an jira gyaɗa ba, jibi za a kai ni. Gwaggo ta miƙe. Ta kira shi da sunan da ba wanda yake kiransa da shi sai ita, ta ce don darajar nonon da suka sha, a fara kai ni asibiti a Kano. Ta ce idan likitoci suka ce ba su ga komai ba, ita da kanta za ta riƙe hannuna ta kai ni. Baba ya ce ya ji, amma sau ɗaya.

A mota Gwaggo ta kwantar da kaina a cinyarta ta lulluɓe ni da mayafi don kada a yi ta kallona. Ban ga rana ba, ban ga bishiya ba, kuma ban faɗi ba. A asibitin, bayan dogon jira, likita mace ce ta gan mu. Ba ta tambayi wa na gani ba, ta tambayi me nake kallo. Na faɗa mata gem ɗin. Ta tambayi hanyar babur, ko akwai bishiyoyi, ko rana tana gefe, da yadda gari yake ranar da ban faɗi ba. Na ga Baba ya ɗago kai. Aka kai ni wani ɗaki aka manna mini wayoyi a kai, aka ajiye wata fitila a gaban fuskata, aka ce za ta riƙa walƙiya. Na riƙe hannun Gwaggo na ce don Allah kada su kunna, shi ne zai zo. Ma'aikaciyar ta ce suna nan, da sun ga alama za su kashe. Aka kunna. Fatar idona ta fara rawa, kafaɗuna suka zabura, nan take aka kashe. Na kwanta ina kuka, ina jin an gama da ni, tunda ga shi ya fito a gaban kowa.

Kafin in faɗi abin da likita ta ce, bari in faɗi abin da na dawo na tarar, don kada wani ya ɗauka labarin nan ya ƙare da daɗi. Dangin saurayina sun janye. Da suka ji sunan ciwon sai suka ce gara ma aljani, shi yana fita. Shi kansa bai zo ya faɗa mini ba, saƙo ya aiko. Kofina yana nan da jan zarensa, Umma ta ce ba don ita ba, don baƙi. Hannunta bai koma daidai ba, ba ta iya matsar ƙuli, kuma duk lokacin da na ga tana juya shi na san ni ce sila. Yaya bai dawo ba. Yakan kira wayar Gwaggo ya tambayi jikina, amma idan ta ce ga ni sai ya ce kati ya ƙare. Ina shan magani kullum, faɗuwar ta tsaya, amma ko fitilar waya aka haska mini sai gabana ya faɗi. Wani lokaci ina mafarkin birnin nan, ina tsaye a kan bene ina kallon teku, in farka ina jin kunyar cewa har yanzu ina kewarsa. Kuma an cire gyaɗa, an sake shukawa, ban san ko an je an ɗauki yarinyar nan mai mari a ƙafa ba.

Abin da zan ce wa 'yan'uwana masu wasannin nan shi ne, idan ido ya fara rawa ko jiki ya zabura a gaban allo, a ajiye, a faɗa wa wani, kada a yi a ɗaki mai duhu. Wanda ya tarar da ɗan'uwansa ya faɗi, don Allah ya faɗi inda ya same shi da abin da yake yi, komai faɗan da za a yi masa. Tazarar ɗakin Yaya da rijiyarmu ba ta da yawa, amma ita ta kusa sa mini mari. Iyaye kuma, ku yi addu'a, amma ku kai asibiti kafin ku kai inda ake ɗaure mutum. Kuma ku bar wa 'ya'yanku ƙofar da za su iya faɗa muku gaskiya ta cikinta.

A ranar asibitin nan, bayan la'asar ne likitar ta sake kiran mu. Ta ce farfaɗiya ce, irin wadda haske mai walƙiya yake tayarwa. Ta ce ba gem ne ya sa mini ita ba, tana jikina, shi dai ya tashe ta, kamar yadda rana ta bayan bishiyoyi ta yi. Ta ce ba a ɗauka ta yawu ko ta kofi. Ta rubuta magani, ta nuna mini yadda zan rufe ido ɗaya da tafin hannu in kau da kai idan haske ya fara. Baba ya gyara murya ya tambayi batun mutumin mai rufe fuska. Ta ce shi ne abu na ƙarshe da idona ya gani, shi ke nan. Ya ce to idan an haɗa da wurin mai maganin nan fa? Ta dubi tabon ƙaurina, ta ce ya yi mini addu'a a gida iya ƙarfinsa, amma idan aka ɗaure ni babu magani, wata faɗuwar ba lallai in tashi ba.

Muka fito muka zauna a kan wani benci muna jiran a ba mu maganin. Gwaggo ta saya mini ruwan leda, na sha rabi. Baba yana gefe yana kallon ƙasa. Na kasa haƙuri, na tambaye shi ko maganar kai ni wurin mai maganin tana nan. Ya ce babu inda za a kai ni, gida za mu koma. Na ce ko bayan an gama cirar gyaɗa? Ya ce ko an gama. Sannan ya miƙo hannu ya karɓi ledar ruwan daga hannuna. Na zuba masa ido, Gwaggo ma haka. Ya daɗe yana kallon inda bakina ya taɓa. Bai sha ba, bai kuma yar ba. Haka ya riƙe ta har aka kira sunana.